Ranar Da Kashe-Dodo Ya Ga Dodo

Ni tela ne, kuma bangon katako ne kawai ya raba shagona da na mai askin layinmu. Don haka duk wanda ya ce ya fi ni shan labarin dodo mai kai bakwai, ƙarya yake yi. Shekara ashirin da biyar ina jin sa. Wallahi akwai ranakun da nake taka keken ɗinki ba zare a jiki, don kawai ƙararsa ta danne muryar mutumin nan.

Ga yadda abin ya samo asali. Muna yara, babansu ya dawo daga tafiya da na'urar gem, wato ta wasan talabijin, irin ta da, wadda ake cusa mata kaset a ka, a jona ta da talabijin. Kaset ɗaya tak gare su. A ciki akwai wani jarumi ɗan firit mai takobi da garkuwa, yana ratsa daji da koguna, yana tara kwalaben magani da sulke, har ya kai hasumiyar dodo. Duk yaran layi mun gwada, wanda ya fi kowa nisa a gada ta biyu ya faɗa ruwa. Sai wata rana da hantsi ga abokinmu, mai askin nan na yanzu, ya fito a guje, ko takalmi babu, yana ihu an kashe dodo. Daga ranar sunan Kashe-Dodo ya bi shi. Mako bai zagayo ba babansu ya kulle na'urar saboda karatu, ba a sake ganin ta ba.

Muna firamare, dodon kai uku gare shi. Da ya buɗe shago ya zama biyar. Ranar da ya yi aure ya koma bakwai, ya kira mai fenti ya zana masa shi a bango, ja jawur, kowane kai na feso wuta, a sama an rubuta ASKIN KASHE-DODO. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai an kashe masa dodon nan kafin a gama gyara masa ƙeya. Sunansa ke nan, sunan shagonsa ke nan, ko matarsa da shi take kiran sa in ba ta cikin fushi.

To, ranar wata Talata da rana, shago cike, ni ma na leƙo aron almakashi, sai ga Innarsa ta shigo da kwali a kai, ta dire shi a kan benci.

"Auta, na share ɗakin ajiya. Ga tarkacenku na ƙuruciya. In ba ka so, in ba masu bola."

Injiniya, mai gyaran rediyo da talabijin na bakin layi, yana kan kujera an aske masa rabin kai. Ya miƙa hannu ya ɗaga murfin kwalin, sai ya miƙe tsaye da ƙyallen aski a wuya.

"Kai! Jama'a, ita ce! Ga kaset ɗin ma a jiki!"

Na dubi Kashe-Dodo. Kilifa na ta kuka a hannunsa, ba ta taɓa kan kowa. Ya taɓa na'urar da ɗan yatsa, ya ga tsatsa, ya ga kashin ɓera. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Allah sarki, ta mutu. Da tana da rai, da ranar Asabar ɗin nan na tara ku na sake kashe shi a gabanku. Da hannu ɗaya ma. Ɗaya hannun ina yi wa mutum aski."

"Da hannu ɗaya?" in ji Direba, wani ƙato da ke tuƙa motar kaya, yana jiran layinsa.

"Na hagu."

Injiniya ya rungumi kwalin ya fice da rabin aski. Ranar Laraba da safe ya dawo yana washe baki.

"Ta tashi! Har ɗan batirin cikin kaset bai mutu ba, ajiyar wasanku na nan yadda kuka bar ta."

Mai hankali da sai ya kwanta ciwon cikin ƙarya. Amma maƙwabcina ya daɗe yana ba da labarin nan har shi ma ya yarda da shi. Ya ce ai shi ke nan, tunda ajiyar na nan, jarumi na tsaye a ƙofar dodo da kayan yaƙinsa cif, abin da ya rage latsawa ne kawai. Nan take ya sa aka liƙa takarda a kowane shago. Ya aro kujeru talatin. Ya shigo wurina ya ce in ɗinka masa alkyabba ja irin ta jarumin.

"Da wane yadi?"

"Nemo mai sheƙi, Tela. Abin tarihi ne."

Na ɗinka masa da ragowar labulen wani ofis. Yana gwadawa a gaban madubi na tambaye shi ko ya gaya wa yayarsa, wadda muke kira Yaya Nas saboda aikin asibiti take yi.

"Tana da aiki ran Asabar," ya ce da sauri. "Kada wanda ya dame ta. Marasa lafiya sun fi mu buƙatar ta."

Ban taɓa jin ya damu da marasa lafiya ba sai ranar.

Asabar da ƙarfe biyu, layi ya cika maƙil. Mai wanki ya rufe shago, mai faci ya bar taya a buɗe, mata sun jeru ta gefen taga, Inna kuma an ba ta kujerar aski a gaba, ta harɗe. Kashe-Dodo ya fito cikin alkyabbar labule yana ɗaga wa mutane hannu. Tun a bakin ƙofa gefenta ya maƙale a ƙusa, ta shaƙe shi, ya dawo da baya ya zauna a cinyar mai faci.

Matsala ta farko, talabijin ɗinsa na bango, sabo fil, ba shi da ramin da wayar na'urar za ta shiga. Sai da mutum huɗu suka je gidan Inna suka ciccibo tsohon talabijin mai ƙaton baya, suna nishi, suka ɗora a kan teburin kayan aski. Aka jona, aka kunna. Allo ya kawo layi-layi kore da shuɗi.

"A hura kaset!" kusan mutum goma suka faɗa a tare.

Duk wanda ya yi ƙuruciya da irin na'urar nan ya san wannan maganin. Injiniya yana cewa ba ya amfani, ba wanda ya saurare shi. Mai wanki ya hura, Direba ya hura har da tofi, ni ma na hura. Kashe-Dodo ya karɓe.

"Ba ku iya ba. Sai an share tukun."

Ya ɗauki buroshin da yake kaɗe wa mutane wuya, cike da hoda, ya cusa a bakin kaset ya jujjuya. Sannan ya cika kumatu ya hura da ƙarfinsa duka. Hodar ta dawo masa a fuska. Ya tsaya fari fat, ido biyu kawai ke motsi, ga jar alkyabba.

"To ga dodo nan ya fito tun ba a fara ba," in ji wata daga taga.

Injiniya ya ƙwace kaset ɗin yana masifa, ya goge da auduga, ya mayar. Sai ga kiɗan nan ya tashi, siririn kiɗa mai tsiwa, ga hasumiya a kan dutse. Ba zan ɓoye ba, tsikar jikina ta tashi. Manyan mutane masu gemu suka kama bin kiɗan da baki. Ana cikin haka wani ya gyara zama, teburi ya motsa, ɗif, allo ya yi baƙi.

Injiniya ya leƙa baya. "Ramin wayar wuta ya yi sako-sako, wannan kam ba ni da irinsa. Sai dai wani ya riƙe ta da hannu har a gama. Direba, zo."

Direba ya tsugunna a bayan talabijin ya danna wayar. Ta kawo, ta ɗauke. Ta kawo, ta ɗauke.

"Ba haka ake yi ba!" Kashe-Dodo ya daka masa tsawa. "Kwanta ta gefen hagu. Gwiwar hannu a ƙasa. Ɗaga wayar sama kaɗan, karkata ta wajen bango, babban yatsa a kan wuyanta. Kada ka yi numfashi da ƙirji, yi da ciki."

Direba ya yi hakan, hoto ya tsaya cak.

Na ce, "Ikon Allah. Kai kuwa a ina ka ƙware haka?"

"Jarumi sai ya san komai na yaƙi, Tela. Ka tsaya a kan allurarka."

Aka danna, allon ajiya ya fito. Gurbi biyu ne. Na farko an rubuta YAYA, layin ransa ya kai ƙarshen allo, ga takobi, ga sulke, ga hoton hasumiya a gefe. Na biyu an rubuta AUTA, layin ransa bai kai tsinken ashana ba, a hannunsa kuma sanda ce.

Kowa ya ƙura wa allo ido.

"Wane ne Auta a gidanku?" in ji mai wanki.

"Ga shi nan da hoda a fuska," in ji Inna.

"To ai shi ya sa na ce ba ku san gem ba," Kashe-Dodo ya ce yana share gumi, hoda na zama kwaɓi. "Na biyun na motsa jiki ne. Na farkon kuwa ladabi ne ya sa na rubuta sunan yayata. Mu gidanmu ana girmama na gaba."

"Yaushe aka fara?" in ji Inna.

Ya yi kamar bai ji ba, ya zaɓi YAYA. Aka zaunar da mai faci a kan wata kujera kusa da shi don cika alkawarin aski. Kashe-Dodo ya riƙe kilifa a dama, ya ɗora abin latsawa a cinya ya sa masa hannun hagu. Jarumi na tsaye a gaban wata ƙatuwar ƙofa.

Ya latsa. Jarumi ya juya ya nufi bango, ya manna goshi, yana ta tafiya a wuri ɗaya.

"Ina duba ƙarfin ginin ne."

Ya sake latsawa, jakar kaya ta buɗe. Kwalaben magani tara a jere, waɗanda aka tara don ranar wuya. Yatsansa ya zame, jarumi ya ɗaga kwalba ya shanye. Ya shanye ta biyu. Kafin mu buɗe baki ya kai ta tara, alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa.

"Ka shanye maganin duka!" Injiniya ya dafe kai.

"Rigakafi ke nan."

Sai mai faci ya ƙwalla ƙara. Hannun dama ya bi na hagu, kilifa ta buɗe masa hanya tun daga goshi har ƙeya. Ya tashi ya duba madubi, ya ce in bai ga dodo yau ba, shi zai zama dodon. Aka rirriƙe shi. Kashe-Dodo ya ajiye kilifa, ya ce saboda lafiyar jama'a zai yi amfani da hannu biyu. Da hannu biyun ne ya tuɓe wa jarumi sulke, ya ajiye takobi, ya ɗauko masa fitila. Haka bawan Allah ya tura ƙofar hasumiya, daga shi sai gajeren wando da fitila.

Kiɗa ya canza, ya yi nauyi. Ɗaki ne babba, a tsakiya ga wani ɗan tsoho kore, guntu, mai ido ɗaya, yana zaune a kan kujera da sanda a hannu.

"Wannan maigadi ne," in ji Kashe-Dodo. "Mutumin kirki. Mun saba. Bari in gaishe shi in wuce ciki."

Ya matsa kusa. Ɗan tsohon ya ɗaga sanda, ƙwas! Jarumi ya wuntsila ya mutu.

"Bai gane ni ba ne, an daɗe."

Aka koma ajiya, kaya suka dawo. Wannan karon ya shiga da takobi, amma ya bi gefen bango yana laluben wata ƙofa. Ƙwas! Karo na uku ya zagaya bayan kujera. Ƙwas! A na huɗu Direba ya kasa haƙuri, ya ɗago kai don ya ga maigadin da ke wannan ɓarna, allo ya ɗauke.

"Wai ina dodon?" mutane suka fara kuka. "Mu kai bakwai muka zo gani!"

"Yana ciki! Ku bari in wuce maigadin nan mana!"

Aka sake kunnawa, ya sake shiga. Sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Wane maigadi? Kai Auta, ai shi ne dodon."

Yaya Nas ce, da fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa. Ashe Inna ta aika mata tun safe ta zo ta ga ƙaninta zai yi abin kirki.

Kai talatin suka juya suka dubi zanen bango, suka juyo suka dubi ɗan tsoho kore. Suka sake duban bango.

"Yaya, ba kya wurin aiki?" muryarsa ta koma ta ɗan shekara tara.

"Na tashi. Me ka shafa a fuska?"

Mai faci ya dafe hanyar da ke kansa. "Yaya Nas, don Allah ki raba mu da duhu. Mutumin nan ya kashe dodo ko bai kashe ba?"

Ta dubi ƙaninta, dariya na cin ta, tausayi kuma na hana ta. "Ina zai kashe abin da bai taɓa gani ba? Yana bayan talabijin a kwance, yana riƙe min waya. Awa biyu cur. Ina gamawa na ce an kashe, shi kuma ya zura waje."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ɓarin jiki ne. Mai wanki ya sulale daga kujera. Injiniya ya rungume ni yana hawaye. Ni kuwa shekarun da na yi ina taka keke ba zare suka taso min, na yi dariya har haƙarƙarina ya riƙe.

"To ke me ya hana ki faɗa tuntuni?" na tambaye ta.

Ta saci kallon Inna. "An bar ni gadin tukunya ne ranar."

Inna ta miƙe zaune. "Tukunyata sabuwa da ta ƙone har gindi ya huje? Ke ce? Ai Auta na zane!"

"Shi ya ce shi ne. Muka yi yarjejeniya, ya ɗauki dukan, ya ɗauki sunan."

"Lallai yau akwai shari'a a gida," in ji Inna. "Amma fara kashe min wannan mummunan tukun, tunda saboda shi na rasa tukunya."

Shago ya ɗauki ihu, "Yaya! Yaya!" Ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta karɓi abin latsawa. Sai dai Direba ya riga ya gaji, hoto na kawowa yana ɗaukewa. Mai wanki ya gwada, bai yi minti ɗaya ba. Ni ma na kwanta, wayar ta ƙi ni ƙememe. Injiniya da kansa ya gwada ya taso yana zagin wanda ya ƙera ta.

Yaya Nas ta juya. Kashe-Dodo na raɓe a lungu kusa da kwandon gashi, ba mai kallon sa.

"Auta."

Ya taso. Ya tattare alkyabbarsa, ya zagaya bayan talabijin, ya kwanta ta gefen hagu, gwiwar hannu a ƙasa. Hoto ya tsaya kamar an kafa shi da ƙusa.

Kai, ranar na ga wasa! Matar nan ko ƙiftawa ba ta yi. Ta kauce wa sanda, ta sara, ta yi tsalle, ta sara. Sara na biyar ɗan tsohon ya jefar da sanda, ya fara kumbura, ya yi ta kumbura har ya cika allo, ga fiffike, ga wutsiya, idon nan ɗaya kamar faranti. Mata suka yi salati, mai faci ya haye kan kujera.

Daga bayan talabijin wata 'yar murya ta fito. "Tela. Tela! Me ya faru? Kawuna nawa gare shi?"

Na leƙa. Yana kwance cikin ƙura da guntayen gashi, gumi ya wanke hodar, ƙuda na yawo a kan hancinsa, ya ƙi ko girgiza kai don kada waya ta motsa. Wallahi sai dariyar ta ɗauke min. Mutum ya sha duka a kan dodo, ya ci sunansa shekara ashirin da biyar, yau an tuɓe masa sunan a gaban layi, kuma har yanzu bango yake kallo.

Yaya Nas ba ta ɗauke ido daga allo ba ta ce, "Tela, ɗauko madubin ƙeya."

Na fizgo madubin hannu da yake nuna wa mutane bayan kansu, na tsaya a gefen teburi, na yi ta karkata shi har na ga idanunsa a ciki sun zazzaro.

"Wayyo Allah! Ashe haka yake! Yaya, gudu! Yi dama! Dama!"

"Hagu!" jama'a suka amsa, don a madubi komai a juye yake gani.

"Dama na ce! Ni na san shi!"

"Auta, rufe min baki ka riƙe waya!"

Ya rufe baki, ya riƙe. Layin ranta ya rage kamar zare, kwalba ɗaya ta saura. Dodo ya buɗe baki zai feso wuta, ta shige ƙarƙashinsa, ta daka tsalle ta caka masa takobi a ido. Allo ya yi fari, ya yi ja, dodo ya tarwatse. Shagon nan kamar zai tsage. Mata suka rungume Yaya Nas, Direba ya ɗaga Injiniya sama, Inna tana tafi tana cewa duk da haka sai an biya ta tukunya. Aka kwashe gwanar aka yi waje da ita ana kiɗa da murfin bokiti.

Na juyo in ajiye madubi, na gan shi yana nan kwance, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Tashi mana, an gama."

"Riƙe madubin, Tela. Akwai rubutu na wucewa, ga jarumin yana komawa gida. Wancan karon ma ban tsaya na ga wannan ba."

Na riƙe har kiɗa ya ƙare.

Kafin Litinin sunan Kashe-Dodo ya koma asibiti, can ma'aikata suke kiran Yaya Nas da shi. Maƙwabcina kuwa layi ya raɗa masa Riƙe-Waya, har matarsa, ko tana fushi ko ba ta yi. Mai fenti ya zo ya shafe kawuna shida, ya mayar da na bakwai kore, ya toshe masa ido ɗaya. Na ce to madalla, kunnena zai huta.

Da hantsi wani baƙo ya zauna aski. Ta cikin katako na ji yana tambaya, wannan wane irin abu ne a bango?

"Dodo ne," in ji Riƙe-Waya, kilifa na kuka. "Kai dai ka gode wa Allah a zane ka gan shi. Ni nan da idona na gan shi, tsakanina da shi bai fi taku ɗaya ba, kuma ko gezau hannuna bai yi ba."

Na ɗora ƙafa a kan keke zan taka, sai na fasa. Na juya maganar ta kowane gefe ina neman inda zan ƙaryata shi, ban samu ba.